Mu bar dattijo ya yi gumi

Johannes Mosehla yana da shekara 81 lokacin da ya gama tseren Comrades na Afirka ta Kudu a watan Yunin 2023. Gudu ne na kusan kilomita 88 daga Pietermaritzburg zuwa Durban, hawa da gangara, kuma duk wanda awa 12 ta cika bai iso ba, ya yi wahalar banza. Tsohon nan, birkila ne daga lardin Limpopo, ya iso cikin awa 9 da minti 26.

Da na ji labarin, abin da ya fara zo mini a rai shi ne: da Mosehla ɗan Nima ne ko Aboabo, da tun yana shekara 60 mun zaunar da shi.

Mu a zango, girmama tsoho ya koma hana shi motsi. Da zarar furfura ta fito, buta a kawo masa, kujera a ajiye masa a ƙofar gida, masallacin da ke ƙarshen layi ma sai an ɗora shi a babur. Ranar da ya sa takalmin gudu bayan sallar asuba, 'ya'yansa ne za su fara tare shi: "Haba Baba, don Allah! Me mutane za su ce?" Hajiya kuwa ba a ma maganarta. Daga ɗaki sai tsakar gida, sai suna ko gaisuwar mutuwa, shi ma a mota.

Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. Amma jiki bai san niyya ba. Ƙafar da ba ta aiki tsokarta zubewa take yi, daga nan sai jiri, sai santsin banɗaki, sai karayar ƙugu, sai kwanciyar da da yawa ba sa tashi daga ita. Ga hawan jini da ciwon suga, waɗanda zama ke yi wa taki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai 65 yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Mafi ƙarancinsa ke nan rabin awa, kwana biyar.

Abin mamaki, mu jikokin matafiya ne. Kakanninmu da ƙafa suka riƙa tasowa daga Kano zuwa Salaga sayen goro, wata da watanni suna bin jakuna, kuma madugun ayari ba yaro ba ne. Yau kuwa muna tara kuɗin Hajji har tsufa, sannan mu tura mutumin da ya shekara goma bai taka kilomita ɗaya ba ya je ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, fiye da kilomita uku, ya kuma taka zuwa wurin jifa cikin zafin Makka. Wa ya shirya masa ƙafa?

Masu cewa gudu yana zubar da kamala, ina tuna musu cewa a ruwayar Abu Dawud, Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Sutura ma ba hujja ba ce. Fauja Singh, ɗan Indiya da ya zauna a Ingila, da rawaninsa da farin gemunsa ya shiga dogon tseren Landan a 2000 yana da shekara 89, ya kuma gama na Toronto a 2011 yana da 100. Littafin Guinness bai sa shi ba don ba shi da takardar haihuwa, matsalar da tsofaffinmu suka sani sarai.

To, akwai haɗari, gaskiya ne. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya fara ganin likita, a auna jini, a fara da tafiya kafin sassarfa, kuma da sanyin safiya. Amma ku dubi yadda Singh ya rasu a Yulin 2025: mota ce ta buge shi yana tsallaka titi a ƙauyensu. Wannan shi ne tsorona a unguwanninmu, inda lungu ya matse, kwata a buɗe, masu babur ba sa jiran kowa.

Don haka roƙona ga sarakunan zango da limamai ne. Duk Asabar mutanen Accra suna hawan tudun Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase, har da masu furfura. Mu ma a nema mana filin makaranta ɗaya a kowace unguwa, a buɗe shi bayan asuba, kwana biyu na maza, kwana biyu na mata. Liman ya sanar ranar Juma'a, kuma ranar farko shi da sarki su shige gaba.