Filin Kiwo: Zomanya da Hasken Hitila

A karkarar Sae Sabuwa, mai kiwon zomaye yakan rufe su cikin ɗaki mai duhu don tsoron kare da muzuru. Daga nan sai zomanya ta riƙa ƙin namiji. Wata ya wuce, dussa da harawa sun ƙare, ba ɗa ko guda.

Sau da yawa laifin duhu ne. Jikin zomanya yana bin tsawon haske. Idan haske ya daɗe, ta fi karɓar namiji. Shi ya sa masu kiwo a Faransa suke ba zomayensu haske awa 16 kullum. A ƙasar Maradi kuwa, rana ba ta wuce awa 13, da sanyin hunturu ma awa 11 ce da ƴan mintoci.

Launin hitila fa? Idon zomo yana ganin shuɗi da tsanwa, amma ja da ƙyar yake ganinsa. Saboda haka farar hitila ita ce ta ƙara tsawon wuni. Ja ta dace da leƙa jarirai da dare.

Ga dabara. Mai kiwo ya huda taga, ya sa mata waya. Bayan magariba ya kunna farar hitila mai cajin rana, awa 3. Daga nan ya kashe, don su ma suna son duhu su huta. Kada ya sa su cikin rana tsaka: zafi yana rage ƙarfin namiji.

Zomanya ake kaiwa ɗakin namiji. In ta ɗauka, bayan kwana 31 sai ƴaƴa.