ZAUREN IYALI: Garejin Ƙofar Gida da Haƙƙin Maƙwabci

 

Kwanan baya aka kawo wa mahaifinmu, limamin unguwa, wata ƙara. Wani saurayi ya gama koyon kanikanci a Suame Magazin, ubangidansa ya yaye shi, amma bai samu kuɗin kama wuri a can ba. Sai ya tona rami a ƙofar gidansu, ya ajiye jak da injin walda da tukwanen gas, ya fara karɓar motoci. Ba a yi wata biyu ba maƙwabta suka taso: baƙin mai na gangarawa lambatu, ƙarar guduma ta hana tsofaffi barcin rana, motoci sun toshe lungun da ake bi da gawa zuwa masallaci. Shi kuwa cewa ya yi gidan ubansa ne, kuma halal yake nema.

Neman halal abin yabo ne, babu mai musu. Sai dai mallakar gida ba ta ba mutum damar yin duk abin da ya ga dama a cikinsa. Ita kanta Magazin shaida ce. Ta samo sunanta ne daga ma'ajiyar makamai ta sojan Turawan mulkin mallaka, inda masu sana'ar suka fara taruwa, daga baya aka mayar da su Suame. Wato tun da can an fahimci cewa wuta da ƙarfe da mai suna bukatar wurinsu daban da wurin kwanan iyali.

A Gana, dokoki biyu na shekarar 2016 ne suka shafi wannan batu: dokar tsara amfani da filaye mai lamba 925, da dokar ƙananan hukumomi mai lamba 936. Taƙaitawarsu ita ce, ba a yin gini ko sauya amfanin wuri, kamar mayar da gidan zama wurin sana'a, sai da rubutaccen izinin majalisar yankin. Wanda ya yi gaban kansa ana iya tsayar masa da aiki, har ma a rushe abin da ya gina. Ban da wannan akwai izinin gudanar da kasuwanci da ake sabuntawa duk shekara, da takardar shaidar hukumar kashe gobara bisa ƙa'idojin 2003.

A kuma lura da ofishin da za a nufa. Tun 2018 Suame ta samu majalisarta, ta fita daga ƙarƙashin majalisar birnin Kumasi, kamar yadda Aboabo da Sawaba suka koma ƙarƙashin Asokore Mampong a 2012. 'Yan uwanmu na Yamai da Lome da Abijan su ma su tuntuɓi ofishin magajin garinsu kafin su sayi ko da sifana ɗaya.

Kada wani ya ɗauka wannan tsari baƙon abu ne a addini. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a gaban malami ya wuce ta inda aka hana mutum aikata abin da zai cutar da maƙwabcinsa, ko da a cikin mallakarsa ne. Haka nan Ibn al-Rami, wani magini masani na Tunis a ƙarni na 14, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, ya yi bayanin cutarwar hayaƙi da wari da girgizar bango. Malamanmu na Malikiyya sun riga hukuma magana.

Haɗarin kuma ba na wasa ba ne. Ranar 3 ga Yuni, 2015, a Akara, mai ya bi ruwan ambaliya daga wani gidan mai, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasa rayukansu. Lambatun Zango kuwa shi ne filin wasan 'ya'yanmu.

Shawararmu ga iyaye ita ce: mai gyaran motar kansa a gida ya tara baƙin mai a galan, kada ya zuba a ƙasa, kada kuma ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ba tare da matokari ba. Wanda zai karɓi motocin jama'a don kuɗi kuwa, ya fara da maƙwabta, sannan majalisa, sannan ya sayi kaya. In an hana shi, dangi su haɗa masa hannu, ko ta adashi, ya kama rumfa a Magazin.

Haka aka yi da saurayin nan. Kawunansa suka tara abin da ya sawwaƙa, aka cike ramin, yanzu su da suka kawo ƙararsa su ke kai masa motocinsu.

Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin. Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.