Tallafin gyaran unguwannin gidajen masana'anta a Amurka: Wa ya cancanta?

Kimanin Amurkawa miliyan 22 ne ke zaune a gidajen da ake ƙerawa a masana'anta, a kai su fili a girka. Da yawansu gidan nasu ne, amma filin na haya, don haka ƙarin kuɗin haya kaɗai na iya tayar da iyali.

A 2024 Ma'aikatar Gidaje ta Amurka ta buɗe neman tallafin PRICE na dala miliyan 225 domin gyaran bututun ruwa, magudanai da titunan irin waɗannan unguwanni. Sai dai sharuɗɗan na da tsauri. Magidanci ba ya nema da kansa, sai ta hannun jiha, ƙaramar hukuma, ƙungiyar sa-kai ko ƙungiyar mazaunan da suka mallaki filinsu. Gidan da aka ƙera kafin 15 ga Yunin 1976 kuwa ba a gyara shi da kuɗin, sai dai a musanya shi.

A nan gizo ke saƙar. Tallafin gasa ne, kuma shirya takardunsa na cin kuɗin injiniya da lauya, wanda ya faɗi kuwa ya yi asararsu. Masu nema 17 kacal suka dace. Unguwar da ta fi lalacewa, wadda filinta ke hannun ɗan kasuwa, ita ce ta fi wuyar kaiwa ga tallafin.