A Dubi Halin da Magidantan Masarautar Gumel Suke Ciki

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke cin magidanta a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, amma kowa ya ja bakinsa ya yi gum.

Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ita ce ke riƙe da gidaje da yawa a yankinmu. Dillalan kara, 'yan dako da direbobi duk a nan suke samun cefanen mako. Aka rufe iyakarmu da Nijar a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Mutane da dama sun cinye jari, har yau ba su farfaɗo ba.

Mai mata da 'ya'ya sai ya sulale tun da asuba don kada a tambaye shi kuɗin cefane, ya wuni a gindin darbejiya. Barci ya ƙaurace masa, ya daina zuwa majalisa, ko ɗaurin aure ba a ganinsa. Likitoci ciwon damuwa suke kiran wannan, kuma yana da magani. Mu kuwa sai mu ce lalaci ne, ko sammu aka yi masa. Ana nan sai wani ya raɗa masa: "Ɗan kurɓa ka huta da tunani." Daga nan sai giya a ɓoye, ko ƙwayar taramol. Idan ta sake shi damuwar ta dawo fiye da da, ga bashi, ga kunyar iyali, mai shirin ba shi aiki kuma ya janye.

Giya haramun ce, babu mai ja, kuma Hisba da NDLEA suna ƙoƙari. Sai dai fasa kwalba ba ya warkar da wanda zuciyarsa ta karye. Asibitin masu taɓin hankali na jiha yana can Kazaure. Ga kuɗin mota, ga tsoron a ce mutum ya haukace.

Ina kira ga Gwamna Umar Namadi da ya samar da jami'an lafiyar ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Gumel, ya kuma raya yankin ciniki maras haraji na Maigatari da aka kafa tun zamanin tsohon gwamna Saminu Turaki, ko jama'a sa samu abin yi. Limamanmu kuma, don Allah, ku riƙa faɗa a huɗuba cewa zuwa asibiti saboda damuwa ba abin kunya ba ne.

Naka,
Mai karatu daga Gumel