Mu Marubuta Muka Kori Zobo Daga Falo

Yau na ɗan ajiye alƙalamin labari, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙoshi tun bazarar 2025. Da mu marubuta nake, kuma ni ce ta farko a layin masu laifi.

Bayan ƙaramar sallar shekarar, cikin watan Afrilu, aka sa bikin ɗiyar yayata a Tambuwal, za a kai ta Kebbe. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ake nufi da Afrilu. Zafi ya haura maki 40, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi, ruwan da ke cikin buta sai ka surka kafin ka yi alwallar azahar. A irin wannan lokaci abin sha ya fi abinci muhimmanci a gidan biki, domin baƙo zai yafe miki rashin nama, amma ba zai yafe miki ƙishirwa ba.

Ana saura kwana goma amarya ta same ni a ɗaki da wayarta a hannu, ta ce, "Inna, wannan nake so a yi wa ƙawayena ranar walima." Na karɓa na duba. Tulun gilashi ne cike da wani ruwa mai kalar shayi, ga yankakkiyar kokwamba, ga lemon zaƙi, ga ganyen na'a-na'a, ga jajayen 'ya'yan sitiroberi, ƙanƙara tana iyo a sama. Wallahi ni kaina sai da na haɗiyi yawu. Na ce, "Ɗiyata, mene ne sunansa?" Ta ce Pimm's, lemon da Turawan Ingila ke sha ne idan zafi ya zo.

Da ɗan turancina na sakandare na zauna na bi diddigin abin a daren. Ashe giya ce. Wani mai gidan abinci a birnin Landan, James Pimm, shi ya fara haɗa ta wajen shekara 200 da suka wuce, da giyar da suke kira jin da wasu saiwoyi da kayan ƙamshi waɗanda har yau kamfanin bai bayyana su ba. Wajen rubu'in abin da ke cikin kwalbar barasa ce. Sukan tsiyaya kaɗan, su cika da lemon kwalba mai gas, su zuba waɗancan kayan lambu. An fi saninta da gasar ƙwallon tanis ta Wimbledon da ake yi a ƙarshen Yuni zuwa Yuli, inda 'yan kallo ke shan ta suna cin sitiroberi. Abin da ya ba ni dariya shi ne zafin da suke yi wa wannan hidima. A Landan watan Yuli yakan tsaya ne a wajen maki 23, wato irin yanayin da mu a nan za mu ce gari ya yi daɗi, wata tsohuwar ma ta nemi mayafi. Sai a 2022 ne zafi ya taɓa kai maki 40 a tarihin ƙasar tasu, har jiragen ƙasa suka tsaya. Mu kuwa abincinmu ke nan duk shekara.

Da safe na gaya wa yarinya. Ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce ita wallahi ba ta sani ba. Na yarda da ita. Ta ce to a yi Chapman, ai shi namu ne na Najeriya. A nan ne gabana ya faɗi, domin ta taɓo mini wani tsohon miki.

Chapman dai kowa ya san shi, ana danganta asalinsa da kulob ɗin Ikoyi na Legas, kuma idan kin dube shi da kyau ƙanen wancan na Ingila ne: Fanta da Sprite, jan ruwan zaƙi, kokwamba, lemon tsami, ƙanƙara. Amma masu yin na asali suna ɗiga wani abu daga wata 'yar kwalba mai doguwar takarda, sunansa Angostura, ana yin sa a Tirinidad. Shi ke ba shi wannan ɗan ɗacin mai daɗi. Masu shi ba su ɓoye komai ba, a jikin kwalbar an rubuta 44.7, wato yawan barasar da ke ciki, kusan ninki biyu na Pimm's ɗin da muka gudu. Mu ne ba mu karantawa. Hukuncin ɗigo biyu a cikin bokiti na malamai ne, ba ni da bakin magana a ciki, amma ai ya kamata mace ta san abin da take zuba wa baƙinta kafin a kai ga tambayar hukunci.

Mikin da na ce shi ne, a wani littafina na shekarun baya, na sa jarumata ta haɗa wa angonta Chapman a daren farko, na jera kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na kwafo a wata mujallar girki, har da ɗigon Angostura. Ban taɓa riƙe kwalbar ba a lokacin. Sunan ne ya yi mini daɗi a kunne, na ga zai nuna yarinyar wayayya ce. Kuma duk wanda ke cikin wannan sana'a ya san matan da ke karanta mu ba labarin kawai suke karantawa ba. Suna kwafar girki, suna kwafar haɗin turare, suna kwafar gyaran jiki, har kalaman da za su gaya wa miji. Na sha samun wasiƙu, daga baya saƙonnin waya, ana cewa "Anti na gwada abin nan na shafi kaza, maigida ya yaba." To mace nawa ce ta je kanti ta nemi wannan kwalba saboda ni? Wannan tambaya ta hana ni barci a daren, Allah Ya yafe mana.

Laifin bai tsaya a kwalba ɗaya ba. Ku ɗauko duk littafin soyayyar da ke kusa da ku, nawa ko na wata, ku buɗe inda saurayi mai kuɗi ya zo zance. Me ake kawo masa? Tire na tangaran, kofunan gilashi, lemon kwali mai sanyi daga firij, sau da yawa har da sunan kamfani kamar an biya mu talla. Yanzu ku nemo inda zobo ya fito. Za ku same shi a kan 'yar talla wadda kishiyar uwa ke azabtarwa, ko a hannun bazawarar da miji ya mutu ya bar ta da marayu tana ƙullawa a leda. A littattafanmu zobo alamar wahala ce, ranar da jaruma ta auri Alhaji ranar ta rabu da shi har abada. Shekara da shekaru muna maimaita wannan hoto a idon 'yan mata, sannan mu zo muna mamaki don amarya ta ji kunyar a ga zobo a walimarta.

Alhali wannan abin da muke rainawa, duniya nema take. Furen yakuwa ne, wadda mu a nan muke ce wa sure, abin shan kuma tsofaffinmu na ƙasar Sakkwato soborodo suke kiransa. A Masar da Sudan karkade ne, a Sanagal bisap, a Gana sobolo. Daga Jigawa da Kano ake cika manyan motoci da busasshensa a kai tashar jirgin ruwa, babban mai sayensa kuwa ƙasar Meziko ce, can ƙetaren teku, inda suke shan sa da abinci kullum. A gonakinmu na Kebbe da Kuchi da Dogon Daji kuwa a gefen gero da dawa ake yafa shi, wasu ma iyakar gona suke yi da shi, mu ci ganyen a miya da kwaɗo, furen ya bushe a kan rufin ɗaki.

Kada a ce ina ƙyamar abin baƙi. Tumatir da barkono da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo mana, yau wa zai ce ba abincin Bahaushe ba ne? Shayi ma baƙo ne. Ni abin da na gani a wancan tulu na Ingila wanda ya cancanci koyi shi ne yadda suka ɗauki abin da ke bayan gidansu, kokwamba da na'a-na'a, suka ba shi lokaci da wuri da kofi mai kyau, har ya zama idan sun gan shi sun san bazara ta zo. Wannan kuwa ba ya buƙatar ko ɗigon giya.

Shi na ce wa amarya mu gwada. Kwana uku muna ɓata kaya a madafa ni da ita da ƙanwarta, ga kuma inda muka tsaya, ga mai son gwadawa.

Ki sami zobo mai duhu, wanda ya bushe sosai, gwangwanin madara biyu ga ruwa lita 4. Ki ɗauraye shi sau biyu da sauri, domin yashi da ƙura. Kada ki tafasa shi har ya yi baƙi kamar yadda aka saba. Ki dafa ruwan daban da citta da kanumfari kaɗan da ɓawon abarba idan akwai, ki sauke, sannan ki zuba zobon ki rufe ya kwana. Haka kalarsa ke fitowa ja garau, ana hango kokwamba a ciki. Kanwa kuwa ki bar ta a inda take. Na san tana kashe tsami ta rage cin sukari, amma tana dusashe kalar ta kawo wani ɗanɗano kamar na sabulu.

Wahalar da muka sha ita ce ta ɗaci. Abin shan da yake zaƙi zalla yana gundura a kofi na biyu, shi ya sa masu Chapman ke neman waccan kwalba. Mun gwada ɓawon lemon tsami, ya yi yawa, muka zubar. Ƙanwar amarya ta ce a sa ganyen shuwaka, muka kore ta daga madafar. Abin da ya yi daidai shi ne baƙin shayi mai ƙarfi kofi ɗaya, a bar shi ya huce, da ɓawon lemon zaƙi guda biyu, a fere shi siriri kada a haɗa da farin cikin, a jiƙa na awa ɗaya a cire. Sai jiƙaƙƙiyar tsamiya rabin kofi. Shayin yana ba shi ɗan bauri a bayan harshe, ɓawon ya ba shi ƙamshi. Sukari daidai bakinki, amma ki rage hannu, domin lemon kwalba na zuwa da nasa.

Idan an zo sha, ki zuba kashi biyu na zobon, kashi ɗaya na farin lemon kwalba mai gas, a lokacin da za a ɗauka, in ba haka ba gas ɗin ya tsere. Kokwamba siriri, ko gurjinmu idan ita ta yi tsada, lemon zaƙi da ɓawonsa, na'a-na'a ki ɗan murza ta a tafin hannu. Sitiroberi a Jos ake noma shi, kafin ya iso Tambuwal a wannan rana ya zama kunu, don haka muka yanka jar kankana ƙanana a madadinsa. Na'a-na'a da kokwamba kada su wuce awa ɗaya a ciki, suna yin laushi su ɓata ruwan.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Mutane da yawa ba raini ne ya raba su da zobo ba, tsoro ne. Ba ka san ruwan da aka yi da shi ba, ba ka san inda aka tsinto robar ba, wasu suna zuba sakarin da kala don riba, ƙanƙarar ma wani lokaci da ruwan da bai kamata ba ake yin ta. Lemon kwali aƙalla a rufe yake. Ban musa ba. Amma wannan magana ce ta tsafta, kuma maganinta a hannunmu yake: tafasasshen ruwa, wankakken mazubi. Mu da babu tabbacin wuta, mun sayi ƙanƙarar ne muka jera ƙullin a cikin babbar kula, muka binne jarkokin a ciki, ba mu jefa ko ɗaya a cikin abin shan ba. Wanda ya rage muka zuba a sabuwar randa a inuwa, aka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya yi sanyin da ba ya kashe haƙori. Masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini kuma su tambayi likita kafin su yawaita, domin zobo yana saukar da jini.

Ranar walima na aro tulunan gilashi guda shida a maƙwabta. Ƙawayen amarya, 'yan makarantar Sakkwato da Birnin Kebbi, sai da suka gama ɗaukar hoto kafin su sha. Ɗaya ta tambaye ni sunansa, na ce zobo. Ta yi dariya ta ce, "Haba Anti, don Allah ki faɗa mini." Na rantse mata, ba ta yarda ba sai da na kai ta bayan ɗaki ta ga tsakin da muka tace.

Kakar ango da ta zo daga Kebbe ita ba a ruɗe ta ba. Ta kurɓa, ta tsamo gurjin da yatsa ta duba, ta ce, "Wanga ai soborodo na, an dai yi mai kwalliya." Ta miƙo kofin a ƙara mata. Katan goma na lemon kwali da yayata ta dage sai an saya don kada dangin ango su raina mu, bakwai a cikinsu aka loda a motar kayan amarya ba a ko buɗe ba.

A littafin da nake rubutawa yanzu, jarumar ɗiyar attajiri ce, likita ke neman ta. Na kai babin da ya zo gaishe ta, kuma na riga na goge lemon kwalin daga tiren. Wancan tsohon littafin kuwa na nemi mai buga mini, na ce idan za a sake bugawa a cire layin kwalbar. Ya ce sai wanda ke kasuwa ya ƙare tukuna.