Wuƙa Goma Sha Bakwai, Uwargida Na Yawon Aro

Ranar jajiberen Babbar Sallar da ta wuce, ina zaune a ƙofar gidanmu da ke Lugbe, a kan hanyar zuwa filin jirgin sama na Abuja, sai ga yarinyar maƙwabcinmu ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta wuce ciki ta ce wa mahaifiyarmu, "Gwaggo, wai in ji Ummanmu, don Allah a ara mata wuƙa za ta yanka albasa, tamu ta dakushe." Aka ɗauko tsohon barhon nan namu mai ƙotar katako, wanda ya girme ni, wanda washi ya cinye cikinsa har ya rame, aka miƙa mata. Aron wuƙa tsakanin maƙwabta ba abin magana ba ne. Abin da ya sa na kasa haɗiye wannan shi ne, mahaifin yarinyar nan yana da wuƙa goma sha bakwai a cikin akwati. Ni da kaina na ƙirga su, ran da ya baje mini su a kan darduma yana ta yi musu kirari. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa shiga cikin albasa, domin kuwa ya kafa doka cewa kada wanda ya taɓa masa su, wai kada su ɓaci su rage daraja.

Wannan bawan Allah ba mahauci ba ne, ba wanzami ba, ba kuma baduku ba. Ma'aikacin ofis ne, irin dubban ma'aikatan da suka cika Lugbe tun bayan da gwamnati ta dawo Abuja daga Ikko a 1991, waɗanda kan yi sammako su bi dogon layin motoci zuwa cikin gari. Yana da abokai irinsa da suke haɗuwa a ƙarshen mako, kowa ya fito da abin da ya samo. Ga mai naɗewa, ga mai baki biyu, ga mai haƙora kamar zarto, ga wadda ake danna mata maɓalli ta yi tsalle ta fito. A juya, a shafa, a gwada kaifi da gashin hannu, sannan a shiga ciniki da musaya. Wadda aka saya da ɗoki a watan jiya ita ake neman kai da ita a wannan watan. A kan wannan ɗabi'a nake son in yi ƙorafi, ya kai mai karatu, kuma ina roƙon ka bi ni a hankali, don na san a cikin 'yan'uwana ɗalibai ma akwai waɗanda ta fara kamawa.

Na daɗe ina lura da maƙwabcin nan nawa, kuma abin da na fahimta shi ne, sayen yake so fiye da wuƙar. Duk daɗin yana cikin kwanakin da yake kallon hotonta a waya, yana tambayar farashi, yana lissafin yadda zai haɗa kuɗin. Ranar da ta shigo hannunsa ya kai ƙololuwar murna, daga nan kuma sai gangara. Bayan mako biyu ta zama ɗaya daga cikin na akwati, idonsa ya koma kan wata da ya gani a hannun aboki. To, da yake albashi ba ya miƙewa kamar roba, dole ya sayar da ta jiya kafin ya sayi ta gobe. Haka abin yake ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke, ga tafiya ana yi, ga wuri ba a bari ba. Hausawa sun gama magana da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Masu wannan hali suna da hujjoji uku da suke kare kansu da su, kuma adalci ne a saurare su kafin a yanke musu hukunci.

Hujja ta farko, sukan ce ai kasuwanci ne, ana saye ana sayarwa. To, bari mu yi lissafi irin na 'yan firamare. A ce mutum ya sayi wuƙa naira 20,000, bayan wata guda marmarinta ya fita daga ransa, ya sayar da ita 14,000 saboda yana gaggawa, sannan ya cika 10,000 ya sayi wata. Idan ya yi haka sau shida a shekara, ina ribar take? Ɗan kasuwa na gaskiya yakan saro da araha ya sayar da riba, kuma ba ya ƙaunar hajarsa har ya kwana yana shafa ta. Dubi samarin da kan zagaya da wuƙaƙe a faranti a bakin kasuwar raguna ta Lugbe idan layya ta gabato, da masu yawo da dutsen washi gida-gida. Waɗannan suna neman halaliyarsu ne, suna kuma biya wa jama'a bukata ta zahiri, don haka ba da su nake ba. Amma wanda kullum shi ne mai saye da tsada, shi ne kuma mai karyarwa, kada ya kira kansa ɗan kasuwa. Shi ne kasuwar, wasu ke cin ta.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Sukan ce son wuƙa gadonmu ne, Bahaushe bai taɓa rabuwa da ƙarfe ba. Wannan gaskiya ne, har ma ta wuce inda suka tsaya. A Taruga, kudu maso gabas da Abuja, mai binciken kufai Bernard Fagg ya tono matoyan tama a shekarun 1960, waɗanda suka nuna cewa mutanen wannan yanki suna narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta daɗe tana tara aikin maƙera da dukawa. Abzinawa sun shahara da takobi da wuƙar da ake saƙalawa a hannu, Bida kuwa sunanta ya kai ko'ina wajen ƙira. Sai dai ina so masu wannan hujja su duba da kyau su ga yadda kakannin namu suka riƙi wuƙa. Kowace wuƙa tana da aikinta da mai ita. Aska ta wanzami ce, wuƙar fiɗa ta mahauci, barho na uwargida, adda da lauje na manomi, takobi na barde. Mahauci kan riƙe wuƙa guda har ta san hannunsa, in ta dakushe ya wasa, in ƙota ta tsage ya sake mata wata, in kube ya yage ya kai wa baduku. In ya tsufa ya miƙa wa ɗansa tare da sana'ar. Darajar wuƙa a wurinsu tana cikin tsawon zaman da aka yi da ita. Mutumin da ba ya iya wata uku da wuƙa ɗaya ya yi hannun riga da wannan gado, ko da kuwa ya cika ɗaki da ƙarafa.

Bugu da ƙari, ina kuɗin yake tafiya? Da a ce sha'awar nan tana kai mutum gindin maƙera ne, ya zauna ana zuga wuta, ya ba da sautun irin wadda yake so a ƙera masa daga sifirin ɗin mota, ya biya maƙeri haƙƙinsa, sannan ya biya baduku ya ɗinka mata kube, da na sassauta harshe, domin aƙalla gida biyu sun ci abinci. Amma da na duba akwatin maƙwabcina ban ga aikin maƙerin ƙasar nan ko ɗaya ba. Duk na kamfani ne daga ƙetare. Bakinsa cike yake da sunayen garuruwan da suka yi fice a wannan sana'a, su Solingen ta Jamus, da Sheffield ta Ingila, da Seki ta Japan, da Yangjiang ta ƙasar Sin wadda ke fitar da wuƙaƙe da almakasai masu ɗimbin yawa zuwa kasuwannin duniya. Ya san cewa kamfanin Victorinox na Suwizalan ya samo asali tun 1884, amma da na tambaye shi sunan maƙeri guda a garinsu, sai ya yi shiru yana sosa ƙeya. Mutanen Solingen da Seki sun riƙe maƙeransu har suka zama masana'antu. Mu kuwa muna tura musu kuɗinmu, muna barin namu da ƙera kwasa da tsinken tsire, sannan mu buɗe baki mu ce muna raya al'ada.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi tayar mini da hankali. Sukan ce, "Kuɗina ne, sha'awata ce, kuma ban cuci kowa ba. Me ya raba ni da mai kiwon tattabaru?" Abin da ya raba su a fili yake: tattabarar da aka sayar ba ta taɓa huda cikin kowa ba. Mai tara wuƙa yana iya zama salihin mutum, kuma na shaida maƙwabcina bai taɓa ɗaga wa ko kaza hannu ba. Amma idan ya gaji da wuƙa ya sayar, wa ya sayar wa? Wanda ya saya shi kuma wa zai miƙa wa? Ba rasit, ba tambaya, ba wanda ya san inda za ta kwana. Kuma irin wuƙaƙen da ake rububi a kansu ba na yankan alayyahu ba ne, an zana su ne don su ba da tsoro, shi ya sa suke burge yaro matashi mai zafin kai. Duk wanda ya san Kano ya san ɓarnar da faɗan daba da ƙwacen waya suka yi, ya san sunaye irin su gariyo da barandami da fatefate. Abin ya kai ga a watan Mayu na 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ba bindiga kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da adda da wuƙa, kuma hukuncin da ta tanada shi ne kisa. Ashe ke nan wuƙar da wani ya sayar don ya cika kuɗin sabuwa tana iya cin rai biyu, na wanda aka soka da na yaron da ya soka. Hukumomin Ingila sun ga irin wannan haɗari, shi ya sa a watan Satumba na 2024 suka haramta mallaka da sayar da wasu manyan wuƙaƙe masu siffar ban tsoro, bayan sun ba jama'a wa'adin miƙa nasu.

Kai, ko da wuƙar ba ta taɓa fita daga kubenta ba, sha'awarta kaɗai tana iya yin ɓarna. A ƙasar Yaman, namiji kan ɗaura lanƙwasasshiyar wuƙa da suke kira janbiya a ƙugunsa don ado da nuna matsayi, kuma wadda ta fi daraja ita ce mai ƙota ta ƙahon karkanda. A shekarun 1970, da mutanen ƙasar suka samu kuɗi daga aikin ƙwadago a Saudiyya, sai masu neman irin wannan wuƙa suka yawaita. Bukatarsu ta haɗu da ta masu haɗa magunguna a gabashin Asiya, mafarauta suka far wa karkandar Afirka. Baƙar karkanda da aka ƙiyasta yawanta ya kai kimanin 65,000 a 1970, ta koma ƙasa da 2,500 a farkon shekarun 1990, duk da cewa Yaman ta Arewa ta hana shigo da ƙahon tun 1982. Irin da ke yankinmu, wanda ragowarsa ta maƙale a arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011. Kowane ɗaya daga masu sayen nan zai iya rantsuwa cewa bai kashe karkanda ba, ado kawai ya saya da kuɗinsa. Amma ga shi jikokinmu ba za su san wannan dabba ba sai a hoto.

Kada a ce na tsani wuƙa ko na rufe ido daga kyanta. Wuƙar da ta sha hannun gwani abin kallo ce, kuma adana irinta aikin alheri ne. Wanda ke son ya tara, to ya tara irin tarawar gidan tarihi, kamar yadda Gidan Makama a Kano ke adana kayan kakanni. Ya nemi aikin maƙeranmu, ya rubuta sunan wanda ya ƙera, da garinsa, da sunan wuƙar, da aikin da ake yi da ita. Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa bukatar wannan, domin sunayen sassan wuƙa da na kayan ƙira, su masaba da awartaki da zugazugi, suna ɓacewa daga bakin yaran birni muna kallo. Ga filin nazari nan a buɗe ga mai sha'awar ƙarfe. Wanda kuma ya ji zuciyarsa na ingiza shi ga sabuwar wuƙa, ya yi wa kansa tambaya ɗaya kafin ya zaro kuɗi: me zan yanka da ita? In ya rasa amsa, ya mayar da kuɗinsa aljihu. In kuwa ya zama dole ya rabu da wata, ya ba mahauci ko mai tsire da ya sani, kada ya miƙa wa yaron da ko sunan ubansa bai sani ba. Garin tone-tone ne kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Da yamma yarinyar nan ta dawo mana da barhonmu, an wanke shi tsaf, har da 'yar miya a kwano ta godiya. Washegari da shi aka gyara kayan cikin ragonmu, da shi aka yanka rabon maƙwabta, har da na gidan mai akwatin. Allah Ya raba mu da son abin da ba zai amfane mu ba, amin.