In Gari Ya Rikice, A Kira Soja?



Wata rana da marece muna cikin aji, na rubuta kalmar "tsaro" bisa allo. Ban gama share hannuna ba sai gardama ta tashi. Wata mata mai saida shinkafa da miya a bakin tasha ta ce: "Malam, ni dai in gari ya rikice, a fiddo soja tun da safe. Ran da aka yi tarzoma, rumfata ta ƙone ƙurmus, har da buhu biyu na shinkafa da na ɗauko bashi. Da soja ya fito da wuri, da ban yi wannan hasara ba." Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya girgiza kai ya ce: "Hajiya, rumfa ana sake kafa ta. Amma in harsashi ya ɗauki ɗanki, wa zai maido miki shi?"

Aji ya yi tsit. Kowane cikinsu yana da gaskiyarsa. Na kwana ina tunanin maganar, shi ya sa na ce bari in rubuto maka nawa ra'ayi, ka karanta, ka auna da hankalinka.

Ra'ayina shi ne wannan: soja shi ne na ƙarshe da ya kamata a kira in gari ya rikice. In kuwa ta kama dole a kira shi, to a kira shi da sharaɗi, kuma ya koma bariki da wuri.

Ka san a ƙasarmu Nijar masu kaki iri-iri ne. Akwai 'yan sanda, akwai jandarmomi, akwai gardi, akwai kuma soja. Kowa da abin da aka koya mashi. Ɗan sanda da jandarma ana koya musu yadda ake tarwatsa taro: garkuwa, kulki, borkonon tsohuwa, jan layi a tare hanya. Ana koya musu su kama mai laifi da ransa, su kai shi gaban alƙali. Shi kuwa soja, an horar da shi don ya tari abokin gaba mai bindiga, a kan iyaka ko cikin daji. Aikinsa mai nauyi ne, muna gode mashi. Amma kayan aikinsa na yaƙi ne. Bindigar da yake rataye da ita tana ɗaukar harsashi 30, kuma harsashin yana huda ƙofar kwano, ya wuce zana, ya sami wanda ke zaune cikin gidansa.

Yanzu ka dubi taron tarzoma. Su wane ne ciki? E, akwai masu ƙone-ƙone, akwai ɓarayi masu jiran a fasa kanti. Amma akwai ɗan kabu-kabu da hanya ta rutsa da shi. Akwai almajiri da kwanonsa. Akwai ɗan makaranta da aka sallamo, da yarinya mai tallan goro, da ɗan kallo wanda bai san ma abin da ya haɗa faɗan ba. Waɗannan duka ɗiyan gari ne. Harsashi kuwa ba ya tambayar suna.

Kada ka ce Malam ya zauna cikin inuwa yana tsara magana. Ga abubuwa huɗu da suka faru, biyu a nan gida, biyu a maƙwabciyarmu Najeriya.

Na farko, Kano, watan Disamba na 1980. Mabiyan wani mai wa'azi, Muhammadu Marwa, wanda ake kira Maitatsine, sun kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki. Suna da makamai, sun kashe mutane, sun fi ƙarfin 'yan sanda. Kwana da kwanaki ana ɗauki-ba-daɗi. Daga baya shugaba Shehu Shagari ya ba da umurni soja suka shiga, suka murƙushe su. Hukuma ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. A nan, gaskiya, ban ga wata hanya ba. 'Yan sanda sun gwada sun kasa, kuma waɗanda ake faɗa da su suna riƙe da makami. Amma ka dubi yawan gawa, ka ga tsadar abin ko da ya zama dole.

Na biyu, Yamai, ran Juma'a 9 ga Fabrairu na 1990, zamanin shugaba Ali Saibu. Ɗaliban jami'a sun fito zanga-zanga kan matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa karatunsu. Suka nufo cikin gari ta gadar Kennedy, ba su da bindiga. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai 3 suka mutu. Shin ƙasa ta kwanta bayan haka? A'a. Fushi ya ƙaru, ma'aikata suka shiga, aka yi ta yajin aiki da jerin gwano, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Darasin nan a fili yake. Ko a hannun wa bindiga take, in aka harbi taron da ba shi da makami, wutar da ake son kashewa ƙara ruruwa take yi.

Na uku, Damagaram da Yamai, ran 16 da 17 ga Janairu na 2015. Mutane sun fusata kan zanen ɓatanci da wata jarida ta Faransa ta buga. Zanga-zanga ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka mutu, 5 a Damagaram, 5 a Yamai. An ƙone coci-coci da yawa, da mashaya, da kantuna. A Damagaram, Kiristoci masu yawa, maza da mata da yara, sun sami mafaka cikin barikin soja har ƙura ta lafa. To, ka ga wani aikin soja da babu mai musun amfaninsa: ya buɗe ƙofa ga wanda ake kora, ya tsaya a bakinta.

Na huɗu, Zariya, watan Disamba na wannan shekara ta 2015. Rikici ya fara ne kan tare hanya, tsakanin soja da mabiyan Sheikh Ibrahim Zakzaky. Soja suka shiga unguwanni da makaman yaƙi. Bayan haka, gwamnatin jihar Kaduna da kanta ta shaida wa hukumar bincike cewa an binne gawa 347 a rami guda. Ko me kake tunani kan waɗannan mutane da aƙidarsu, ka tambayi zuciyarka: laifin tare hanya ya kai rai 347?

In ka jera waɗannan huɗu, za ka ga inda ƙarfi ya yi magani da inda ya zama cuta. Daga nan na fiddo sharuɗɗa biyar. Kuma ni a ganina suna kan kowace gwamnati, ko ta farar hula ce ko ta masu kaki.

Sharaɗi na 1: a fara da 'yan sanda da jandarmomi da gardi. Sai an ga a fili sun kasa, ko kuma masu tarzoma sun ɗauko bindigogi, sannan a waiwayi bariki.

Sharaɗi na 2: a san wanda ya kira soja. Umurnin ya kasance a rubuce, da sa hannun shugaban da ya bada shi, a kuma sanar a rediyo cikin harsunan da mutane ke ji. In akwai dokar hana fita, a faɗi ƙarfe nawa za ta fara, ƙarfe nawa za ta ƙare. Da yawa an doke su kan dokar da ba su ma ji labarinta ba.

Sharaɗi na 3: a ba soja aikin gadi. Ya tsare asibiti, da kasuwa, da masallaci, da coci, da wurin ruwa da na lantarki. Wannan zai sa 'yan sanda su sami hannu su fuskanci taro da kayan da suka dace. Bin yara lungu-lungu da fasa ƙofar gidaje ba aikin soja ne ba.

Sharaɗi na 4: kada a harba sai don ceton rai, bayan an yi gargaɗi. Wanda aka kama a miƙa shi ga 'yan sanda, daga nan sai gaban alƙali. Ba a sa shi tsallen kwaɗo cikin rana, ba a kai shi inda iyayensa ba su sani ba.

Sharaɗi na 5: a sa ranar komawa bariki, kuma a yi lissafi bayan ƙura ta lafa. Mutum nawa suka mutu? Wa ya harbe su? A faɗi sunayensu, a biya iyalansu diyya, mai laifi ya fuskanci shari'a ko da yana da galan a kafaɗa. In ba a yi haka ba, gaba wani zai harba ba tare da tsoron komi ba.

Wani zai ce: "Malam, kafin a bi duk waɗannan matakai ai gari ya ƙone." Maganarsa tana da nauyi, don jinkiri ma yana kashe mutane. Amma maganin jinkiri shi ne shiri tun kafin ranar. A ba 'yan sanda horo da motoci da isassun kayan aiki, a kuma rubuta tun yau abin da kowa zai yi in rikici ya tashi. Rigakafi ya fi magani.

Ka tuna kuma shi kansa sojan ɗanmu ne. Wataƙila daga ƙauyenku ya fito. In aka tsaida shi gaban taro ba shi da komi a hannu sai bindigar yaƙi, ana jifarsa da duwatsu, an saka shi tsaka mai wuya. In ya harba ya ɗauki alhaki, in ya tsaya a ji mashi ciwo. Ga shi kuma muna buƙatarsa a Difa da Tilaberi, inda masu ɗauke da makamai ke kashe talakawa. Can, sai mutanen gari sun yarda da shi za su ba shi labari. Sojan da ya harbi ɗanka jiya, za ka kai mashi labari gobe?

Mu ma muna da namu aiki. Ruwa ba ya tsami banza: tarzoma tana farawa daga jita-jita, ko daga kukan da aka daɗe ana yi ba mai saurare. In saƙo ya shigo salularka yana cewa a fito a ƙone, ka tambaya tukuna kafin ka tura ma wani. In ka ji gari ya fara zafi, ka kira ɗiyanka gida. Mai unguwa da liman da fasto da shugaban 'yan kabu-kabu su san lambar juna tun yanzu. In maƙwabcinka ne ake nema, ko addininku ba ɗaya ba, ka buɗe mashi zaurenka.

Da muka koma aji mako na gaba, na karanta musu sharuɗɗan nan. Hajiya ta ce: "To, na yarda, amma a sa kasuwa da tasha a farkon wuraren da za a tsare." Dattijo ya ce: "Ni kuma a ja layi ƙarƙashin na biyar." Na ɗauki alli na yi duka biyun.

Kai fa, mai karatu, wane sharaɗi za ka ƙara? Ka rubuta shi da hannunka cikin littafinka, ka kawo aji mu karanta tare. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.